Kwalekwalen Tela

Kwalekwalen ya maƙale a ƙofar falo, rabi a waje rabi a ciki. Tela yana ta ciki, ba a ganin komai nasa sai yatsu huɗu da suka leƙo ta saman robar.

"Ja ta wajenka mana," in ji muryarsa.

Mai Faci bai ja ba. Ya tsaya a tsakar gidan da baƙin taya a hannuwansa, yana kallon abin tun daga hancinsa har inda ƙofa ta shaƙe shi. Matar Tela ce ta je har rumfarsa ta taso shi, ta ce ya zo ya ga abin da maƙwabcinsa ya jajibo musu. Duk layin Manaja suke kiranta, sunan da mijinta ya laƙaba mata tun suna da ƙuruciya, saboda makullin komai na gidan a hannunta yake. Tana tsaye gefen igiyar shanya, ta harɗe hannu a ƙirji.

"Kwana biyu ke nan ban shiga falona ba," ta ce. "Ta taga nake miƙa masa shayi."

Kwalekwale ne na roba, irin wanda ake hura wa iska, ruwan toka, rana ta cinye rabin launinsa. Na hannu ne. Tela ya saye shi wurin wani mutum da ke barin garin, haɗe da ɗan injin da ake maƙala masa a baya, da filafilai biyu na tuƙi, da famfon ƙafa. A naɗe cikin buhu aka kawo shi. Don kada mutanen layi su sami abin dariya, Tela ya rufe ƙofar falo, ya tura kujeru jikin bango, ya dinga taka famfo yana hutawa, ya taka ya huta, har abin ya cika ɗakin.

"Sace iskar za ka yi," Mai Faci ya ce.

"Kwana biyu ina takawa, ka zo da baki ɗaya ka ce in sace?"

"Ba ka auna ba ne?"

"Ni za ka koya wa awo? Shekara arba'in da ɗaya tef yana wuyana. Na auna tsawon falo, na auna faɗi, har da rarar taku biyu."

"Ƙofar fa?"

Yatsun huɗun suka zame daga saman robar.

"Ka ɗinka riga ka manta inda kai zai fito," Mai Faci ya ce. Manaja ta juya baya tana gyara wani zanen gado da ba abin da ya same shi, kafaɗunta na rawa.

Wannan maganar ce ta ɓata komai. Tela ya ja da baya, ya sa kafaɗa ya tura da iya ƙarfinsa. Kwalekwalen ya yi gaba kamar taku ɗaya, bakin sakata ya kama gefensa, aka ji wani dogon tsaki kamar na tsohuwar da aka taka wa ƙafa. Robar ta fara yin laushi. A hankali Tela ya dinga bayyana a bayanta, goshi tukuna, sannan tabarau, sannan gashin baki. Yana zaune a hannun kujera yana haki, leɓensa ya yi wani irin duhu. Mai Faci ya gani, amma ya ɗauka haushi ne.

Ya tsuguna ya duba yagar. Ta kai tsawon tafin hannu.

"Wannan aikina ne. Kada ka taɓa. Gobe da safe zan zo da kayan aiki."

"Yaga ce ai," Tela ya ce tsakanin numfashi. "Yaga kuma ban san aikin wa ba ce in ba tawa ba."

"Na dai ce kada ka taɓa."

Shekara talatin ke nan katanga ɗaya ta raba gidajensu, kuma ba a taɓa jin ranar da suka yarda da juna a kan wani abu ba, ko da ƙarfe nawa ne agogo ya buga. Duk da haka, da Tela ya rufe shago bara, a bencin rumfar Mai Faci yake wuni, yana kushe yadda ake yanka roba.

Da safe Mai Faci ya shigo da gwangwanin gam da sanfefa da guntun roba mai kauri. Ya tarar an shimfiɗa kwalekwalen a tsakar gida, Tela zaune kusa da shi a kan kujerar katako, ya yi wanka ya sa farar riga, fuskarsa sai walƙiya take kamar wanda ya ci jarrabawa.

"Ka makara," Tela ya ce. "Zo ka ga aiki."

An ɗinke yagar. Da zaren lilo mai ƙarfi, layi biyu a jere, kowane tako daidai da ɗan'uwansa kamar da ma'auni aka ajiye su. A ƙarshe ya maimaita sau uku don kada ya warware. Mai Faci ya daɗe a tsugune. A ransa ya yarda bai taɓa ganin ɗinki mai kyan wannan ba, kuma bai taɓa ganin ɓarna irin wannan ba.

"Huji nawa ka yi?"

"Wane irin huji? Ɗinki ne."

"Allurar ta ina take shiga?"

"Ta robar mana."

"In ta shiga me take bari?"

"Zare."

"Kafin zaren."

Tela ya cire tabarau ya goge da gefen riga. Mai Faci ya kawo famfo ya taka, ya kaɗa ruwan sabulu a kofi ya shafa a kan ɗinkin. Nan take kumfa ta tashi layi biyu, ƙanana ƙanana, a jere tsaf, kowane huji da tasa.

"Jiya rami ɗaya gare ka, yau sun fi ɗari," ya ce. "Ka tsufa ba ka san iska ba ta jin zare ba? Me ma za ka yi da kwalekwale, kai da ko a bahon wanka sai ka riƙe bango? Yara su ji a gari su ce uban nasu ya fara ruɗewa."

"Kwashe gam ɗinka ka fita mini daga gida."

Ya kwashe ya fita. Har ya kai ƙofa yana jiran a kira shi, ba a kira shi ba.

Ranar benci ya wuni babu kowa. Mai Faci ya yi facin taya uku, ya yi wa wani direba faɗa ba gaira ba dalili. Rana ta fara sanyi sai ga Manaja da jakar cefane. Ba ta saba zama a rumfa ba, amma ta zauna daidai inda mijinta ke zama, ta ɗora jakar a cinya.

"Maƙwabci, wata magana zan gaya maka, amma in ya ji daga bakinka ni da kai mun ɓata."

Ya ajiye ƙarfen cire taya.

"Zuciyarsa ce. Wata biyu ke nan da likita ya faɗa mana. Ya ce ba aikin da za a yi, sai dai magani da hutu. Na tambaye shi shekara nawa, sai ya kama jera takardun da ke kan teburinsa."

Wata babbar mota ta wuce, suka jira ƙararta ta lafa.

"Daga asibitin ko gida ba mu zo ba, ya sa mai tasi ya bi da mu ta tafkin bayan gari. Ya tsaya ya yi ta kallo. Ya ce mini, Manaja, shekara arba'in da ɗaya ina zaune bango yana gabana, taku ɗaya tsakanin hancina da shi. Ina so sau ɗaya in zauna a inda in na duba ko'ina ba bango. Na ce to mu biya masunta su zagaya da kai. Ya ce shi ba kaya ba ne da za a ɗauka, da hannunsa zai tuƙa."

"Auta ta sani?"

Auta ita ce ƙaramar 'yarsu, tana aiki a wani gari mai nisa, kullum sai ta kira.

"Ciwon ta sani. Kwalekwalen ne ba ta sani ba, in ta ji sai ta ɗaga gidan nan ta waya." Manaja ta miƙe ta gyara mayafi. "Ni dai ban ce ka yi komai ba. Cefane na fito."

Mai Faci ya rufe rumfa kafin lokaci. Ya shiga gidan ba tare da ya jira an amsa sallamarsa ba, ya tsuguna gaban kwalekwalen ya fara goga sanfefa. Tela yana kujerarsa, ya kau da kai.

"Wa ya kira ka?"

"Ba don kai na zo ba. Robar nake tausayi."

Mai Faci ya ci gaba da goga sanfefa. Can Tela ya ce, "Rufe ɗinkin za ka yi?"

"Ruf."

"Ko gefe ɗaya ba za ka bari a gani ba?"

"In na bari a gani, kifaye ne za su gani."

Da ya ɗauko wuƙa zai yanka facin, Tela ya kasa daurewa. Ya ƙwace robar, ya aika Manaja ta kawo masa alli da babban almakashinsa, ya zana, ya yanka, ya zagaye kusurwoyin huɗu sumul. Mai Faci ya juya facin a hannu. Faci mai zagayayyen baki ba ya saurin ɗagowa, shi ma ya san haka, ƙyuya ce ke hana shi yi.

"Ba laifi," ya ce.

"Shekara talatin kana yanka wa mutane kamar ɓera ya ci."

Aka shafa gam, aka jira ya sha iska, aka manna, aka danne da dutsen guga da littattafan Auta na makaranta. Mai Faci ya ce sai ya kwana ya wuni kafin a taɓa. Tela ya ce awa biyu ta isa. Manaja ta ɗauke famfon ta kulle a ɗakinta, magana ta ƙare.

Saura inji. Wanda ya sayar ya ja musu kunne cewa kada a tayar da shi a busasshe, sai ƙafarsa tana cikin ruwa, kuma sai an gauraya fetur da baƙin mai. Suka gangaro da duron da Manaja ke tara ruwan wanki, suka gicciya katako a bakinsa, suka matse injin a jiki, farfelar tana ciki. Tela ya ce shi zai ja igiyar tayarwa. Ya ja sau ɗaya, ya ja na biyu, sai ya saki ya dafa bakin duron. Mai Faci ya ga yadda ƙirjinsa ke hawa da sauka, ya duƙa yana ƙoƙarin ɗaure takalmin da ba shi da igiya.

"Hannunka na allura ne, kawo," ya ce da ya ɗago.

Ya ja sau goma sha ɗaya, injin sai tari. Manaja ce daga ƙofar kicin ta ce, "Wannan ɗan makunnin na gefe, a kwance ake barinsa?" Suka duba. Makunnin mai ne, a rufe. Mai Faci ya buɗe ya ja. Injin ya kama da ƙara kamar ana yaga kwano, kuma ashe a giya yake. Rabin ruwan duron ya tashi sama ya sauka a kan shanya, da kan Mai Faci, da kan kyanwar maƙwabta da ke kan katanga. Hayaƙi shuɗi ya cika gidan. Kafin su gano inda ake kashewa, zannuwan gado uku sun yi ɗige-ɗigen mai.

Tela yana dariya har da riƙe ciki, dariyar ta koma tari, tarin ya daɗe. Manaja ta kalli zannuwanta, ta kalle shi, ta shiga ta kawo masa ruwa.

Sun sa ranar Asabar. Amma ranar Laraba Tela bai fito tsakar gida ba, ƙafafunsa sun kumbura, silifas ma ya ƙi shiga. Ranar kuma Auta ta ji labarin, domin ƙarar injin ta kai kunnen wata ƙawarta da ke layin. Ta kira Mai Faci yana tsakiyar aiki.

"Kawu, da girmanka? Kai da zan ce ka hana shi? Ranar Asabar ina hanya, in na zo abin nan bola za shi."

"To, 'yata. Allah ya kawo ki lafiya."

Ya kashe wayar ya zauna a kan taya. Akwai abin da bai taɓa gaya wa kowa a layin ba: bai iya iyo ba, kuma ko gada mota za ta hau sai ya rufe ido. Ya zauna har inuwar rumfa ta matsa daga kansa. Sannan ya kira wani mai motar kaya da yake yi wa faci, ya leƙa gidan Tela ya tsaya daga ƙofar ɗaki.

"Asabar ina da aiki. Gobe za mu."

"Wane aiki gare ka da ya wuce zaman banza?" in ji Tela daga kan gado. Amma ya riga ya fara laluben tabarau.

Da hantsi suka isa tafkin. Direban motar da Mai Faci suka hura kwalekwalen da famfo, suka ɗaura injin a katakon baya, suka ajiye jan tankin mai a ƙasa. Tela ya ciro rigunan hana nutsewa guda biyu daga leda, ruwan lemo. Mai Faci ya sa tasa, ya ji ta zauna masa cif kamar a jikinsa aka yanka.

"Ka taɓa rigar nan."

"Na ɗan rage mata ciki. Kamar buhu take."

"Soson fa? Ba ka cire ba?"

"Kaɗan, ta wajen kafaɗa. Yana sa mutum ya zama kamar kunkuru."

Mai Faci ya kalli ruwan, ya kalli Manaja. Tana tsaye a kan yashi da jakar magunguna, wayarta na ta ruri a ciki, ba ta ɗauka ba.

Suka ɗaga Tela suka zaunar da shi a baya kusa da hannun injin. Mai Faci ya ja igiya, ya kama a ja na uku, ya rarrafa tsakiya ya zauna a ƙasa ya rungume igiyar gefe da hannu biyu. Tela ya murɗa. Kwalekwalen ya zabura ya zagaya wuri ɗaya sau uku, kowane zagaye sai sun ga Manaja ta wuce ta gabansu da hannu a ka.

"In ka tura dama hagu yake zuwa," Mai Faci ya ce ido a rufe. "Mutumin ya faɗa maka."

"Abin da aka ƙera a karkace, laifina ne?"

A zagaye na huɗu ya gane. Hancin ya miƙe, suka nufi tsakiya. Ruwa na dukan ƙasan robar, Mai Faci yana jin kowane duka a ƙashin bayansa. Da ya buɗe ido ɗaya, motar kayan ta koma kamar akwatin ashana. Sai injin ya yi tari biyu ya mutu.

Shirun da ya biyo baya ya yi yawa. Kwalekwalen ya ɗan ci gaba da kansa, ya tsaya yana lilo. A cikin shirun nan kunnen Mai Faci, wanda ke jin sacewar taya daga tsallaken titi, ya ji wani siririn sauti. Ya duba facinsa, lafiya lau. Ya bi sautin da kunne har gefen da Tela ke zaune. A jikin robar, daga ciki, akwai wani ɗan aljihu na shuɗin yadi, da murfinsa da maɓallinsa, an ɗinka shi tsaf. Kwalbar magani ce a ciki.

"Mene ne wannan?"

"Aljihu. Abu ba shi da inda mutum zai ajiye ko tabarau."

"Yaushe ka yi?"

"Shekaranjiya, kana rumfa. Ban zurfafa ba, fatar sama kawai na ɗan kama."

"Fata nawa ka ga yana da ita?"

Mai Faci ya cire kwalbar ya miƙa masa, ya kifa tafin hannunsa a kan aljihun ya danne da dukkan nauyinsa. Sautin ya ragu, bai ɗauke ba. Yanzu in ya saki ya je jan igiya, iska ta fita. Tela kuma ba zai iya ja ba, su duka biyun sun sani. Filafilan tuƙi suna can cikin mota, sun manta su.

"Za mu nutse ne?" Tela ya tambaya, kamar mai tambayar ko za a yi ruwa.

"Ba yanzu ba."

"To madalla."

Ya jingina da injin, ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Ya juya kai a hankali ya dubi gabas, ya dubi yamma, ya waiwaya baya. Wasu fararen tsuntsaye suka wuce ƙasa-ƙasa. Iska na kaɗa 'yar sumar da ta rage masa. Mai Faci bai taɓa ganin fuskarsa haka ba, ba kushe a cikinta, ba gardama.

"Ta gaya maka ko?" Tela ya ce, bai dube shi ba.

"Wa? Me?"

"Shekara talatin ban taɓa korarka ka dawo a ranar ba. Sai ka yi kwana uku kana kumburi."

"Robar na ce maka nake tausayi."

"Haka ne." Ya yi ɗan murmushi. "Hannun ya gaji?"

"Kula da kallonka."

Sun fi rabin awa a haka kafin wani masunci ya biyo ta wurin a kwalekwalensa na katako. Ya tsaya ya ƙare musu kallo: tsofaffi biyu cikin rigunan lemo masu kyan ɗinki, ɗaya a durƙushe kamar mai neman gafara. Ya matso ya miƙa hannu ya murɗa wani ɗan ƙaramin noti a kan murfin tankin, tankin ya yi ajiyar zuciya.

"Baba, in ba ku buɗe nan ba mai ba ya tafiya. Shi ma numfashi yake so."

Ya ja igiyar sau ɗaya injin ya tashi. Ya ce su nufi gaɓa kai tsaye, zai biyo su a baya.

Tela ya kama hannun injin, ya sa shi a mafi ƙanƙantar gudu. Gefen da Mai Faci ke dannewa ya riga ya yi laushi, in ya matsa gwiwa sai ta lotsa, ruwa ya fara leƙowa ta baya yana jiƙa masa wando. Hannunsa ya mutu tun daga yatsu har kafaɗa. Gaɓa ta matso, har suna iya ganin Manaja ta shigo ruwa zuwa idon sawu.

"Maƙwabci," Tela ya ce. "Zai ɗauki zagaye ɗaya?"

Mai Faci ya dubi robar. Ya san amsar da zai ba kowane direba da ya tambaye shi irin wannan a kan taya. Ya canja gwiwa, ya ɗora ɗaya hannun a kan na farkon.

"Ƙarami. Kuma kada ka yi mini tuƙin ɗinkin zigizaga."

Tela ya tura hannun injin dama, suka karkata hagu, suka yi wani faffaɗan zagaye wanda ba ƙarami ba ne ko kaɗan. Masuncin ya tsaya da tuƙi yana kallonsu.

Auta ta iso ranar Asabar da faɗanta a baki. Ta tarar da uban a kujerar tsakar gida yana ba maƙwabta labari, tafkin ya riga ya ninka girmansa sau uku, Mai Faci kuma a cikin labarin har kuka ya yi. Ta tsaya da jakarta a hannu ta saurara har ƙarshe, ba ta kai komai bola ba. Kwalekwalen ya zauna a tsakar gida, Tela ya hana a naɗe shi, kullum da safe Mai Faci ya shigo ya ƙara masa iska su yi gardama a kan aljihun. Tela ya ce in aka cire shi bai yafe ba.

Kwana tara bayan tafkin, da rana tsaka, Manaja ta kawo masa ruwan shan magani ta tarar ya sunkuyar da kai a kujerar kamar mai zura zare. Ta kira shi sau biyu. Sannan ta ajiye kofin a ƙasa a hankali, ta aika a kira Mai Faci.

Mutane sun zo ta'aziyya da yawa, fiye da kujerun gidan da na aro. Rabinsu sanye da rigunan da shi ya ɗinka. Da wuri ya ƙure, wasu manyan mutum uku, tsofaffin abokan cinikinsa, suka zauna a gefen kwalekwalen. Ana cikin jimami, kowa ya yi shiru, sai siririn sautin nan ya fara. Mutanen uku suka dinga yin ƙasa a hankali, fuskokinsu a ɗaure, ba wanda ya yarda ya fara tashi, har gwiwoyinsu suka kusa taɓa haɓa. Auta ce ta fara toshe baki da mayafi. Ta ruga kicin, daga can ba a iya bambance ko dariya take ko kuka.

Da yamma gidan ya watse. Mai Faci ya dawo kwasar kujerun aro, ya tarar da Manaja ita kaɗai a tsakar gida. Ta cire takalma, ta zauna a gefen kwalekwalen da ya kusa kwanciya, ƙafafunta a ciki, hannuwanta a cinya.

"In naɗe shi?" ya tambaya.

"Bar shi tukuna."

Ya tsaya jim. Sannan ya jawo famfon daga ƙarƙashin kujera, ya haɗa bakinsa, ya fara takawa sannu sannu don kada ya girgiza ta. Ba ta tashi ba. Robar ta dinga cika a ƙarƙashinta, tana ɗaga ta sama kaɗan kaɗan.